Jariri mai guntun kunne: A fara neman ji, gyaran siffa ya biyo baya

Wannan makon na ajiye abin da na shirya kawo muku, saboda wani saƙo da ya shigo wanda bai kamata amsarsa ta yi jinkiri ba.

Wata uwa ce ta turo shi daga Agege a Jihar Legas, ta roƙi a sakaya sunanta. Mako uku ke nan da ta haifi ɗa namiji. Yaro lafiya lau, yana kama nono, yana barcinsa, sai dai kunnensa na dama bai fito ba. A gurbinsa akwai ɗan dunƙulen nama kamar ƙwanson gyaɗa, babu ƙofa ko kaɗan. Ta ce ranar suna hula ta ja masa har wuya, duk wadda ta miƙo hannu za ta karɓe shi sai ta ce barci yake yi. Uwar mijinta ta ce sakacinta ne ya jawo, don ta riƙa fita da almuru lokacin da take da ciki. Wanzamin da ya zo askin suna kuma ya ce in an yarda zai tsaga wurin ya buɗe ƙofar, yaro ya samu ji. Maigidan ya ce a bari ta yi arba'in sannan a san abin yi. Tambayoyinta uku ne: Laifina ne? Zai ji magana? Ana iya gyarawa?

Ga amsa a taƙaice, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne. Da yardar Allah zai ji, zai kuma yi magana. Ana gina kunne, an daɗe ana yi. Amma kowane mataki da lokacinsa, kuma abin da ya fi gaggawa a yau shi ne kada aska ta kusanci wurin nan. Sauran masu karatu ku biyo mu, domin bayanin ya shafi wanda aka haifa a haka, ya kuma shafi wanda ya rasa kunnensa a haɗarin babur ko gobara ko faɗa.

Mene ne wannan halitta?

Likitoci suna kiranta maikuroshiya, kalma ce daga harshen Girka mai ma'anar ƙaramin kunne. Hawa huɗu ce. A hawa na farko kunne yana nan da duk siffarsa, ƙarami ne kawai. A na biyu rabin ƙasa ya fito, na sama bai kammala ba. Na uku shi ne irin na yaron nan, ɗan dunƙule mai kama da gyaɗa, kuma shi aka fi gani. Na huɗu babu komai, fata ce sumul.

A ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da dama, kimanin jarirai biyu ne cikin kowane 10,000 ake haifa da ita. Ta fi samun maza, ta fi kama kunnen dama, kuma tara cikin goma kunne ɗaya ne abin ya shafa. Kin ga ke nan ɗanki ya faɗa cikin rukunin da likitoci suka fi sabawa da shi.

Kunnen waje yana fara haɗuwa ne tun ciki yana da wajen mako shida, daga wasu 'yan tudu guda shida da ke tsirowa a gefen wuyan ɗan tayi, su haɗe su ba da wannan lanƙwasa da muke gani. A lokacin mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. In wani abu ya katse wannan haɗuwa, kunne ya tsaya inda ya kai. A mafi yawan yara ba a samun wani dalili guda da za a nuna da yatsa. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin su ne ciwon suga da uwa ke da shi tun kafin ciki, musamman in ba a saita shi ba, da wani maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira isotiretinoyin, da shan giya. A wasu gidaje kuma gado ne, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Fita da almuru, ko kallon wani mai lalura, ko cin wani abinci da aka hana, babu ɗaya da ke cikin lissafin. Abin da zan ce wa mai shirin ɗaukar wani cikin shi ne ta gwada suga, ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin ciki ya shiga, kuma kada ta sha magani ba da sanin likita ba.

Ji ne kan gaba

Kunne ɗaki uku ne. Akwai na waje, wato fatar da muke gani da ramin da ya shiga ciki. Akwai na tsakiya, inda dodon kunne yake da wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku masu miƙa sauti. Sai na can ciki, mai siffar dodon koɗi, inda sauti ke komawa saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Na cikin nan daga wani tushe daban yake tsirowa, shi ya sa a yawancin yaran nan lafiyarsa ƙalau. Injin yana aiki, hanyar zuwa gare shi ce a toshe.

Mai karatu, gwada wannan. Toshe kunnuwanka biyu da yatsu, ka tauna ƙanzo ko aya. Za ka ji ƙarar ta cika maka kai, alhali ƙofofin a rufe suke. Ƙashin kai ne ya ɗauki sautin ya kai shi ciki. Ta wannan hanya ake taimakon yaron da ba shi da ƙofar kunne. Akwai 'yar na'ura da ake ɗaura wa jariri da laushin maɗauri a kai, ta karɓi sauti ta mai da shi girgiza a jikin ƙashi. In ya girma ana iya dasa masa ita a ƙashin bayan kunne. An fara irin wannan dashe a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin a 1977.

Saboda haka tafiyar farko wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro za a yi ta, kuma ba sai an jira arba'in ba. Ƙa'idar da masana ji suke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Dalili kuwa, da ji yaro ke koyon magana, kuma watannin farko ba sa dawowa. Gwajin ba ya da zafi. Ana manna masa 'yan wayoyi a kai yana barci, na'ura ta auna yadda jijiyar ji ke amsa sauti. Sunansa ABR, ki riƙe sunan don ki nema. Abin da aka fi son sani shi ne lafiyar ɗaya kunnen. In yana ji sosai, yaro zai koyi magana kamar tsaransa. In kunnuwan biyu ne a toshe, to na'urar nan ta zama dole, kuma da gaggawa.

Mai ji da kunne ɗaya yana da matsala biyu da ya kamata gida ya sani. Ba ya saurin gane ta inda ƙara ta fito, don haka sai an koya masa duba hagu da dama da kyau kafin ya tsallaka titi, balle a gari mai babura irin Legas. Sannan a cikin hayaniya magana tana kuɓuce masa, har a ɗauka taurin kai ne ko rashin hankali. A makaranta da islamiyya a zaunar da shi a gaba, kunnen mai lafiya yana fuskantar malami. Shi kuma wannan kunne ɗaya tilo a riƙe shi kamar ƙwai. Ba a sa masa tsinken ashana ko gashin kaza ko auduga, ba a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Ya yi ciwo ko ya fara fitar da mugunya, asibiti a ranar.

Likita zai kuma duba fuskar yaron da muƙamuƙinsa, domin wani lokaci ɓangaren da kunnen bai fito ba yakan ɗan fi ɗayan ƙanƙanta. Yana iya neman hoton ƙoda, ya saurari zuciya, ya duba ƙashin baya. Kada wannan ya tayar miki da hankali, bincike ne na tabbatarwa.

Abin da ya sa muka ce ban da aska

Wanzami ya ɗauka ƙofar tana nan, fata ce kawai ta rufe ta. A mafi yawan lokuta abin da ke bayan fatar nan ƙashi ne, ramin bai taɓa samuwa ba. Ko ya tsaga ba abin da zai tarar sai jini. Na biyu, jijiyar da ke motsa fuska ta nan take wucewa, kuma a yaran nan takan kauce wa hanyarta ta asali ta matso kusa. In aka yanke ta, baki ya karkace, ido ya daina rufuwa, wataƙila har abada. Ga haɗarin zubar jini da tetanus ga ɗan mako uku.

Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba. Fatar da ke wurin nan, siririya, mai laushi, mara gashi, ita ce jarin da likitan tiyata zai yi aiki da shi nan gaba. Da ita zai lulluɓe sabon kunnen. Ɗan dunƙulen nan da kike ɓoyewa, shi za a juya a yi fatar ƙasan kunne, inda ake huji. Da zarar tabo ya shiga wurin, fata ta yi tauri, ta daina miƙewa, aikin da zai yi kyau ya koma na maneji. Dama ɗaya mai kyau wannan fata take bayarwa, kada a ɓatar da ita.

Kunnen da ya lanƙwashe daban ne

A nan sai na ja hankalin sauran masu jego. Akwai jariran da ake haifa da cikakken kunne, amma samansa ya naɗe, ko ya yi tsini, ko ya baje waje. Wannan sau da yawa ba ya buƙatar tiyata in an zo da wuri. A makonnin farko guringuntsin kunnen jariri laushi gare shi kamar danƙo, saboda sinadarin jikin uwa da ke yawo a jininsa. Likita zai sa masa ɗan tallafi na roba mai laushi ya manne shi na wasu makonni, kunne ya ɗauki siffa. An fi samun nasara in an fara cikin mako biyu zuwa uku na farko. Bayan mako shida, wato daidai lokacin da ake gama wankan jego, guringuntsi ya fara ƙwari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai wannan dabara ba ta tsiro da abin da babu, don haka ba za ta yi wa yaron Agege aiki ba.

Yadda ake gina kunne

Iyaye mata da yawa abin da suke fara cewa shi ne a yanki nasu a sa wa yaron. An taɓa gwadawa. A 1937 wani shahararren likita a Ingila, Harold Gillies, ya ba da rahoton yaran da ya gina wa kunne da guringuntsin kunnen uwayensu. Da tafiya ta yi nisa jikin yaran ya narkar da shi, domin jiki ba ya riƙe abin da ba nasa ba. A 1959 Radford Tanzer a Amurka ya nuna hanyar da ta ɗore, wato a ɗebo guringuntsi daga haƙarƙarin yaron kansa. Burt Brent a Amurka ya inganta ta, sannan Satoru Nagata a Japan da Françoise Firmin a Faransa suka taƙaita aikin zuwa zango biyu. Har gobe ita ce hanyar da aka fi bi a duniya.

Wanda ya taɓa cin awazar rago ya san farin abin nan mai gurus-gurus da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Shi ne kayan aikin. Ana sa yaro barci. Likita ya ɗora wata takarda mai garai-garai a kan kunnen mai lafiya ya zana siffarsa, ya juya ta ta zama ta ɗaya gefen. Ya yi 'yar tsaga a ƙasan ƙirji ya ɗebo guringuntsin haƙarƙari na shida da na bakwai da na takwas, wani lokaci har na tara. Sai ya zauna ya sassaƙa shi kamar mai sassaƙa ƙoshiya, ya fitar da baki da lunguna da tudun tsakiya, ya ɗinke gutsattsarin da siririyar waya ko zare. Daga nan ya buɗe aljihu a ƙarƙashin fatar gefen kai ya zura sassaƙen, ya sa 'yar roba mai zuƙo iska da jini, fata ta lafe a jikinsa, siffar kunne ta bayyana. Aiki ne mai cin awoyi da yawa.

A wannan zango kunnen a manne yake da kai. Bayan kamar wata shida sai a koma zango na biyu, a ɗaga shi, a sa masa ɗan guringuntsi a baya ya tokare shi, a rufe bayan da fatar da aka ɗebo daga wani wuri a jiki. Amfanin wannan hanya shi ne kunnen naman jikinsa ne, jini na gudana a kansa, in ya ji rauni yana warkewa, kuma da shi zai tsufa.

To me ya sa ba za a yi yanzu ba? Haƙarƙarin ne bai isa ba. Kunnen ɗan shekara uku ya riga ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na girman da zai yi, amma ƙirjinsa bai tara guringuntsin da zai isa a sassaƙa kunne irin na babba ba. Masu bin tsarin Brent sukan fara daga shekara shida zuwa sama. Masu bin na Nagata sukan jira shekara goma, kuma sai faɗin ƙirji in an zagaya shi da awo ya kai santimita 60. Sannu ba ta hana zuwa. Wani amfanin jiran shi ne yaro ya yi wayon da za a tambaye shi ko yana so, ya kuma iya kiyaye wurin bayan aiki.

Gaskiya biyu da ba zan ɓoye muku ba. Ta farko, sabon kunnen ya fi na halitta kauri da tauri, ba ya lanƙwasuwa, kuma kyansa ya danganta da hannun da ya sassaƙa shi. Ƙirji yana ciwo na kwanaki, tabo zai zauna, kuma akan samu matsala kamar ƙwayar cuta ta shiga, ko wani yanki na fata ya mutu, ko tabo ya kumburo, abin da ya fi samun mu masu baƙar fata. Ta biyu, gina kunne ba ya kawo ji. Buɗe ƙofa wani aiki ne daban na likitan kunne, wanda sai an ɗauki hoton CT, galibi bayan shekara biyar, an ga ko ɗakin tsakiya ya ginu yadda zai amfana. Ba kowane yaro ya dace da shi ba. In za a yi duka biyun da guringuntsin haƙarƙari, ginin ake fara yi, ƙofa ta biyo baya, saboda dai maganar fatar nan.

Sauran hanyoyi

Akwai ƙirar kunne ta wata roba mai ƙananan ramuka da ake kira Medpor, wadda Dokta John Reinisch na Los Anjelis ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1990. Ana lulluɓe ta da wani siririn nama daga ƙarƙashin fatar kai, sannan a sa fata. Ba a taɓa ƙirji, kuma ana iya yi tun yaro yana shekara uku ko huɗu. Illarta baƙuwa ce a jiki. In aka buge ta tana iya karyewa ko ta ɓullo waje, a koma tiyata. Ga tsada, ga ƙarancin waɗanda suka ƙware a kanta.

Akwai kuma kunnen silikon da ake ƙerawa daidai da ɗayan, a manna da gam na musamman, ko a maƙala shi a kan 'yan ƙusoshin titaniyam da aka dasa a ƙashi. Ya fi dacewa da babban da wuta ko cutar daji ta cinye masa fatar wurin. Ana cire shi a wanke, launinsa yana koɗewa, bayan 'yan shekaru sai an sake wani, kuma a zafi da gumi irin namu gam yakan saki. Da can matsalarsa launi ce, domin na waje don farar fata aka yi su. Yanzu a nan gida akwai masu yi. John Amanam, wani mai sassaƙa a Uyo ta Jihar Akwa Ibom, ya yi suna wajen ƙera yatsu da hanci da kunnuwa masu launin fatarmu, sana'ar da ya shiga bayan ɗan'uwansa ya rasa yatsu a haɗari.

Wataƙila kun ji labarin da ya yaɗu a 2022 cewa a Jihar Teksas ta Amurka an dasa wa wata budurwa 'yar Meziko mai shekara 20 kunnen da na'ura ta ƙera daga ƙwayoyin halittar jikinta. Gaskiya ne, amma gwaji ne na bincike. Duk wanda ya ce muku a Facebook ko WhatsApp ku turo kuɗi zai haɗa ku da irin wannan, ku riƙe aljihunku.

Hanya ta ƙarshe ita ce a bar shi yadda yake. Akwai manya da dama da suka zaɓi haka, sun yi karatu, sun yi aure, suna sana'arsu. In an kula da ji, sauran zaɓi ne.

Wanda ya rasa kunne da girmansa

A asibitocinmu waɗanda ke zuwa da yagaggen kunne sun fi waɗanda aka haifa da guntu yawa: ɗan acaɓa da ya faɗi babu hular kwano, wanda aka ciza a faɗa, wanda aka sara, wanda ya ƙone. Abin da aka yi a awoyin farko shi ke yanke hukunci. A danne wurin da ƙyalle mai tsabta jini ya tsaya. Ban da toka, ban da man birki, ban da gishiri ko garin magani. In kunnen yana reto da 'yar fata, kada a ƙarasa cire shi, domin jinin da ke bi ta wannan 'yar fatar yakan isa ya rayar da shi. In ya guntule gaba ɗaya, a naɗe guntun a ƙyalle mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A nufi babban asibiti nan take. Ba kullum guntun ke kamawa ba, amma likita ne zai faɗi haka bayan ya gani.

Cizon mutum ya fi yadda ake zato haɗari, domin bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, guringuntsi kuma ba ya jure su. Dole a wanke shi a asibiti, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar tetanus. Sau da yawa akan bar wurin ya warke, bayan watanni a dawo a cike giɓin da guringuntsi da fatar bayan kunne. Kunya kan sa mutane su ɓoye cizo kwana uku huɗu, sai ya ruɓe sannan su fito. Likita ba alƙali ba ne, ku je da wuri.

'Yan dambe da 'yan kokawa kuma, in kunne ya kumbura ya yi taushi bayan bugu, jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsi. A zuƙe shi a asibiti cikin kwana ɗaya zuwa biyu a ɗaure. In aka bar shi, kunne ya cukurkuɗe ya daskare, gyaransa ya yi wuya.

Shin ya halatta, kuma ina za a je?

Wasu na jin tsoron kada gyaran ya zama canja halittar Allah. Malamai sun bambance tsakanin ƙarin ado da gusar da lahani. Suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinari. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar gyara lahanin da aka haifi mutum da shi ko wanda ya same shi daga baya. Mai sauran shakka ya tuntuɓi malaminsa.

Likitan da ake nema shi ne na tiyatar gyaran jiki, tare da likitan kunne. Ke da kike Agege, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja ya fi kusa da ke, ga na Idi-Araba, ga Asibitin Ƙashi na Igbobi mai sashen ƙuna da gyaran jiki. Akwai irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Ibadan, da Asibitin Ƙashi na Inugu, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Shika a Zariya. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Gina kunne yana cikin ayyuka mafi wuya a wannan fanni, kuma ba kowane likitan gyaran jiki ke yin sa a kai a kai ba. Ba rashin ladabi ba ne ku tambaya: sau nawa ka yi wannan aiki, wace hanya kake bi, za mu iya ganin hotunan waɗanda ka yi wa, zango nawa ne, nawa ne kuɗin kowane zango? Likitan kirki ba zai ji haushi ba, in ba fanninsa ba ne zai tura ku gaba. Shekarun jiran nan kuma dama ce ta yin tanadi a hankali.

Kafin lokacin ya zo

Tsakanin yau da ranar tiyata akwai shekara shida zuwa goma, kuma abin da yaro zai ji a gida cikin waɗannan shekaru ya fi abin da likita zai sassaƙa tasiri a rayuwarsa. 'Yar'uwa, ki cire masa hular nan. In ya taso ya ga ana ɓoye wani ɓangare na jikinsa, zai ɗauka abin kunya ne. Kada a bari a laƙaba masa suna da kunnen, ko da wasa, ko daga bakin kakanni ne. In ya fara wayo ki koya masa amsa gajeriya da zai ba yara: haka aka haife ni, ina ji da ɗayan. Yaron da ya faɗi haka ba tare da sunkuyar da kai ba, masu tsokana sukan gaji da wuri.

Maigida, kai ne katangar matarka a wannan lokaci. Mai jego ce, jikinta bai koma ba, ga zargi a kanta. Ka karanta wa Hajiya wannan shafi cikin ladabi, ka shaida wa wanzami an gode. Iyayenmu kakanni kuma, mun san damuwa ce da son jika ta sa ake neman dalili, amma yarinyar nan ba ta yi komai ba. Ku taya ta da addu'a, ku raka ta asibiti a wannan makon a gwada jin yaron.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tabon nan da ke kumburowa bayan hujin kunne, da dalilin da ya sa yanke shi kaɗai ke sa ya dawo ya fi na da. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.